Filastar Kinesio: Tana Warkar da Ciwon Tsoka Ko Talla Ce Ta Fi Yawa?

Duk mai kallon ƙwallon Turai a waya ya taɓa ganin ɗan wasa da wata filasta shuɗiya ko baƙa manne a cinya, gwiwa ko kafaɗa. Yanzu abin ya wuce filin wasa. Bidiyoyin TikTok da Facebook suna tallata ta a matsayin maganin ciwon baya, ciwon wuya da targaɗe, kuma matashin da ke Jega ko Maiyama zai iya yin odarta da wayarsa, a aiko masa ta tashar mota.

A wannan yanki tambayar tana da nauyi. Aliero ta yi suna da abu biyu: albasa da ɗori. Daga garuruwa masu nisa, har daga ƙasashen maƙwabta, ake kawo masu karaya wurin maɗoran garin. Mutanen nan sun saba ganin an ɗaure gaɓa ta warke, saboda haka ba wuya a ɗauka filastar ma wani ɗorin zamani ne. Ba haka ba ne. Wannan darasi zai bayyana mece ce ita, abin da bincike ya gano a kanta, da lokacin da manna ta zai iya cutar da mutum.

Mece ce filastar Kinesio?

Wani mai aikin gyaran gaɓoɓi ɗan ƙasar Japan, Kenzo Kase, shi ya ƙirƙiro ta a shekarun 1970. Ana saƙa ta da auduga haɗe da zaren roba, a shafa mata gam mai ƙara kamawa idan ya ji ɗumin jiki. Tana talewa ta tsawonta har kusan kashi 40 cikin 100, kuma akasari ana sayar da ita a naɗe, faɗin santimita 5, tsawon mita 5. Takan yi kwana 3 zuwa 5 a jiki, har a yi wanka da ita.

Duniya ta san ta ne a gasar Olamfik ta Beijin a 2008, lokacin da kamfanin ya raba wa tawagogin ƙasashe dubban naɗi kyauta, kyamarori kuma suka yi ta nuna ta a kafaɗar 'yar wasan Amurka Kerri Walsh. A gasar Turai ta 2012, Mario Balotelli ya cire riga bayan ya ci Jamus ƙwallo ta biyu, aka ga layi uku shuɗaye a bayansa. Daga nan kasuwa ta buɗe. Abin lura shi ne, shaharar ta riga binciken zuwa.

Bambancinta da ɗori

Aikin ɗori, ko na gargajiya da karare ko na asibiti da siminti, shi ne ya hana ƙashi motsi har ya haɗe. Haka bandejin da ake ɗaure targaɗe da shi: yana matse gaɓa ya rage mata motsi. Ita kuwa filastar Kinesio da gangan aka yi ta don kada ta hana motsi. A fata take manne, tana miƙewa tare da fatar. Abin da ɗan yaro zai iya ja da yatsu biyu ya tale ba zai riƙe ƙashin babban mutum ba, balle ya mayar da gaɓar da ta goce.

Me masu ita ke cewa tana yi?

Bayanin da aka fi yaɗawa shi ne, idan aka tale ta aka manna, sai ta ɗan tattare fata ta ɗaga ta. Wai hakan yana buɗe sarari tsakanin fata da tsoka, jini da ruwan jiki su gudana, kumburi ya sauka, jijiyoyin da ke kai saƙon zafi su samu sauƙi. Bayanin yana da daɗin ji. Amma a kimiyya daɗin bayani ba hujja ba ne, sai an gwada.

Yadda ake gwada ta

Masu haɗa manhaja suna da wata dabara. Idan suna son sanin ko sabon maɓalli yana da amfani, sai su raba masu amfani da manhajar gida biyu: wasu su ga sabon, wasu su ga tsohon, ba tare da sun san ana gwaji ba, sannan a kwatanta sakamako. Haka masu binciken lafiya ke yi. Rukuni ɗaya a manna musu filastar yadda ƙa'ida ta ce, ɗaya rukunin a manna musu ta bogi, wato ba a tale ta ba ko ba a bi tsarin ba. Idan ƙa'idar ce ke aiki, dole rukunin farko ya fi samun sauƙi.

A 2014 wasu masu bincike a Brazil, ƙarƙashin Patrícia Parreira, sun yi irin wannan gwaji da mutum 148 masu daɗaɗɗen ciwon baya. Rabi aka manna musu a tale don fata ta tattare, rabi aka manna kawai. Duka rukunan biyu sun ce sun ɗan ji sauƙi, amma babu wani bambanci na a zo a gani tsakaninsu. Wato tattarewar fatar, wadda ita ce ginshiƙin bayanin, ba ta ƙara komai ba.

A shekarar dai, wannan tawaga ta tattara gwaje-gwaje 12 da suka ƙunshi mutum 495 masu ciwon kafaɗa, gwiwa, wuya, baya da tafin ƙafa, ta wallafa a mujallar Journal of Physiotherapy. Abin da ta gano shi ne filastar ba ta fi ta bogi ba, kuma inda aka ga ta ɗan fi, bambancin ya yi ƙanƙanta. A 2015 masu bincike biyu daga Singafo, Lim da Tay, sun ga cewa ga ciwon da ya haura mako 4, manna ta ya fi zama haka nan ba a yi komai ba, amma bai fi sauran hanyoyin jinya ba, irin su motsa jiki.

Maganar ta kai har kotu. A 2017 kamfanin da ke yin KT Tape ya amince ya biya dala miliyan 1.75 don sasanta ƙarar da masu saye suka shigar a Amurka kan alƙawuran da ke cikin tallansa, ya kuma yarda ya sauya wasu kalaman tallan.

To me ya sa wasu ke rantsuwa tana aiki?

Ba ƙarya suke yi ba. Dalilai uku ne ke haɗuwa. Na farko, yawancin ciwon tsoka yana lafawa da kansa cikin 'yan kwanaki, duk abin da aka manna a lokacin shi zai sha yabo. Na biyu, sa rai kansa yana rage jin zafi, abu ne da likitoci suka daɗe da sani. Na uku, taɓa fata yana ɗan danne saƙon zafi, shi ya sa wanda ya buge gwiwa yake saurin murza wurin. Filastar tana iya ba da irin wannan ɗan sauƙi, tana kuma tuna wa mutum ya lallaɓa gaɓar. Sauƙin gaske ne, amma rage zafi daban, warkewa daban. Launinta kuwa ado ne kawai: shuɗiya, baƙa da ja duk abu ɗaya ne.

Inda haɗarin yake

Ita kanta filastar ba ta cika cutarwa ba, in ban da ƙaiƙayi, ƙuraje ko bororo ga mai fatar da ba ta jure gam, musamman a zafin Maris da Afrilu da gumi ke taruwa a ƙarƙashinta. Babban haɗarin shi ne jinkiri. Ɗan ƙwallon da ya tsage ƙashi a filin unguwa, ko ɗan kabu-kabun da ya faɗi a hanyar Jega zuwa Aliero, idan ya manna filasta ya ci gaba da takawa, tsagewa tana iya zama cikakkiyar karaya, ko ƙashin ya haɗe a karkace.

Likitoci a birnin Ottawa na Kanada sun fitar da wata ƙa'ida a 1992 don gane raunin idon sawu da ke buƙatar hoton ƙashi. A taƙaice, a ɗauki hoto idan mutum ya kasa yin taku 4 a kan ƙafar, ko kuma idan an danna kan ƙashin idon sawun ta baya ko ƙarshensa ya ji zafi. Bayan wannan, a bar batun filasta a nufi asibiti idan aka ga ɗaya daga cikin waɗannan:

• gaɓa ta karkace ko ta sauya siffa;
• yatsu sun yi sanyi, sun dushe ko sun mutu ba a jin su;
• ƙwauri ɗaya ya kumbura, ya yi zafi ba tare da an buge ba, don yana iya zama gudan jini;
• ciwon baya ya zo da zazzaɓi, raunin ƙafa ko kasa riƙe fitsari;
• ciwon ƙashi ne ga mai sikila.

Babban asibitin da ke kusa shi ne matakin farko, daga nan a iya tura mutum Birnin Kebbi ko asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato. Ko iyalin da suka yanke shawarar zuwa wurin maɗori, hoton ƙashi zai fara nuna musu girman abin da ya faru.

Ga wanda zai gwada ta

Idan ciwon tsoka ne mai sauƙi, babu ko ɗaya daga alamomin da ke sama, ga yadda ake amfani da ita:

1. A fara manna ɗan guntu a hannu na tsawon yini guda don a ga ko fata za ta karɓa.
2. A wanke wurin, a bushe shi, kada a shafa mai.
3. A yanke kusurwoyin su zama zagaye don kada tufafi su ɓamɓare ta.
4. Kada a tale bakunan biyu, tsakiya kawai ake ɗan ja.
5. A murza ta da tafin hannu don gam ya kama.
6. Wajen cirewa a bi kwanciyar gashi a hankali; ɗan man gyaɗa yana sassauta gam.

Ba a manna ta a kan miki, ƙuna ko ƙurji. Mai ciwon suga da ƙafarsa ba ta ji sosai ya tuntuɓi likita tukuna.

Ciwon wuyan masu waya

Yawancin masu neman filastar nan ba 'yan wasa ba ne. Ɗalibai ne a jami'ar Aliero da masu shagon caji da gyaran waya, waɗanda ke shafe sa'o'i kansu a sunkuye. Su kam abin da zai fi yi musu amfani kyauta ne: a ɗaga waya kusa da saitin ido, a saita ƙararrawa ta riƙa tunatarwa a tashi a miƙe duk bayan rabin sa'a, a kuma koyi motsa wuya da kafaɗa daga likitan fisiyo. Idan ciwon ya wuce mako biyu bai ragu ba, ganin likitan ya fi sayen naɗi na biyu.

Kafin a tura kuɗi

Duk bidiyon da ya nuna wani yana ɗingishi, aka manna masa filasta ya miƙe da gudu, a yi masa tambaya uku: wa ke sayar da kayan, da me aka kwatanta su, kuma mutum nawa aka gwada? Mai talla mutum ɗaya yake nunawa, wanda ya zaɓa da kansa. Masu bincike ɗaruruwa suka gwada, suka ga ɗan sauƙi na ɗan lokaci, wanda filastar bogi ma ke bayarwa. Wanda ke da kuɗin abu ɗaya kawai, tsakanin naɗin filasta da hoton ƙashi bayan mummunar faɗuwa, hoton ya kamata ya biya.