Awo da Hoto: Hanyar Adana Siffar Gine-ginen Tarihi

Gabatarwa

Ginin ƙasa kullum cikin yaƙi yake da damina, kuma ramin da masu binciken kufai suka haƙa ba ya komawa yadda yake. Wannan maƙala za ta yi bayani a kan awo da hoto, watau ilmin da Turawa ke kira fotogirametiri, da amfaninsa wajen adana siffar abin da zai iya salwanta.

Asalinsa

A shekarar 1858 wani maginin Jamus, Albrecht Meydenbauer, ya kusa faɗowa daga sama yana awon babbar majami'ar garin Wetzlar. Wannan tsautsayi ya sa shi tunanin auna gini daga hotonsa, ba tare da an hau shi ba. A 1885 aka kafa ma'aikatar wannan aiki a Balin ƙarƙashin jagorancinsa, kuma kafin 1920 ta tara hotuna kimanin 20,000 na gine-gine wajen 2,600.

Yadda Ake Yin Sa

Tushen aikin daidai yake da hikimar idanu biyu. Kowane ido yana ganin abu daga nasa ɓangaren, kuma daga bambancin nan ne ƙwaƙwalwa take gane nisa. Haka nan idan aka ɗauki bango ɗaya daga wurare biyu, lissafi zai fitar da matsayin kowane ɗigo da ya bayyana a hotunan biyu. Saboda haka wajibi ne kowane hoto ya maimaita fiye da rabin abin da ke cikin na kusa da shi. Akan ajiye sanda mai sanannen tsawo a wurin domin ta zama ma'auni. A yau kwamfuta ce take haɗa ɗaruruwan hotuna, har da na jirgi maras matuƙi, ta fitar da siffa mai tsawo da faɗi da zurfi.

Amfaninsa

Mai haƙar kufai ba ya kai wa ga shimfiɗar ƙasa ta biyu sai ya kawar da ta farko. In an auna kowace shimfiɗa da hoto kafin a kwashe ta, na baya za su ga inda kowane katanga na tukunya yake kwance. Game da abin da aka rusa kuwa, a watan Maris na 2001 'yan Taliban suka farfasa manyan gumakan Buda na Bamiyan a Afganistan. Hotunan awo da aka ɗauka a 1970 su ne suka taimaki masana a Zurich suka sake fitar da siffar babban gunkin a kwamfuta.

Ƙasar Hausa tana da buƙatar irin wannan tanadi. Hasumiyar Gobarau ta Katsina, da ganuwar Kano, da Masallacin Juma'a na Zariya wanda Babban Gwani Mikhaila ya gina a ƙarni na 19, duk na ƙasa ne.

Kammalawa

Sai dai hoto ba ya faɗin yadda ake kwaɓa ƙasa, ko jera azara, ko haɗa makuba. Wannan ilmi yana bakin magina, kuma da Hausa yake. Don haka aikin ɗalibin Hausa shi ne ya bi mai awo da takarda da rakoda, ya tattara sunayen sassan gini da bayanin masu yin sa tun suna raye.