Baƙo a Kasuwar Kingston

Kingston gari ne a gefen birnin Landan, wajen mil 10 kudu maso yamma, a bakin Kogin Tems. In ka shiga jirgin ƙasa daga tashar Waterloo, kamar rabin sa'a ka isa. Da yawa daga mutanen garin a Landan su ke aiki, Kingston kuwa nan su ke kwana, nan kuma su ke cefane.

Garin tsoho ne ƙwarai. A nan aka naɗa Sarki Athelstan cikin shekarar 925. Akwai wani dutse da aka kewaye da ƙarfe, an ce a kansa aka riƙa naɗa sarakunan dā. Na tsaya na dube shi, amma 'yan gari wucewa su ke yi, ko waiwaye babu.

Daga nan na nufi kantuna. A dā babban cikinsu shi ne na Bentall, wanda ya faro da ɗan shagon tufafi a 1867. A 1992 aka buɗe wani ƙaton gini mai wannan suna, bene bisa bene, kantuna jere a cikinsa, da matakala mai tafiya da kanta. Kowane kaya an manna masa kuɗinsa a takarda. Ba a tayi, ba a cewa albarka. A wani kanti ma ban iske mai karɓar kuɗi ba, sai na'ura. Kai za ka nuna mata kayanka, ta faɗi kuɗin, ka biya da kati, ka fita. Na sayi sabulu da burodi ban ce wa kowa sannu ba. To, ku masu karatu, kun taɓa jin ciniki ba gaisuwa? Abin akwai sauri, ban musa ba, ba kuwa mai cutarka don ya ga kai baƙo ne. Amma na fito kamar na ɗauki kayan mutane a ɓoye.

Sa'an nan na bi wata 'yar hanya, sai ga ni a tsohuwar kasuwa. Fili ne sarari, da rumfuna, da gunkin Sarauniya Anne mai ruwan zinariya bisa wani gini. Ga masu 'ya'yan itace, ga masu dafaffen abinci, wani yana ta kiran masu saye da ƙarfi. Nan hankalina ya kwanta. Ribarsu kaɗan ce, gama manyan kantuna sun kewaye su, mutane kuma sun koyi aikawa a kawo musu kaya har gida. Duk da haka suna fitowa, ko da ruwa ko da ɗari.

Na taya lemo wurin wata dattijuwa, na rage mata kuɗin yadda na saba. Ta yi dariya, ta nuna mini allon da aka rubuta farashi. Na biya yadda aka rubuta. Da ta zo ƙullewa, sai ta tambaye ni daga ina na fito, ta jefa mini guda ɗaya gyara.