Yadda Za Ka Kwance Farantin Keke Ba Tare Da Ɓarna Ba

Ya kai manomi, ka san keke shi ne jakin wannan zamani. Da shi masu lambu na fadamar Galma da ta Kubanni su ke kai tumatir da rake kasuwar Tudun Wada da ta Sabon Gari, da shi kuma a ke kai taki gona. To, akwai wata ɓarna da mu ke yawan gani a rumfunan masu gyara tun daga Tudun Jukun har Samaru, watau keken da mai shi ya ɗauki guduma da kurfi ya far wa farantinsa, har gyaran da ba ya wuce sa'a guda ya koma sayen sabon ƙarfe.

Faranti shi ne babban ƙarfen nan mai haƙora da ke jan sarƙa. Kadan haƙoransa sun cinye sun yi tsini kamar ƙaya, sarƙa ta kan riƙa tsalle sa'ad da ka taka da kaya, sa'an nan tilas a sake shi. Amma kafin hannunka ya kai ga akwatin kayan aiki, sai ka tsuguna ka duba yadda aka ɗaure shi, gama ɗaurin iri uku ne, kowanne da abin kwance shi.

Na fari shi ne na baƙin keken nan na iyayenmu, irin Raleigh da a ke yi a birnin Nottingham na Ingila har 2002, da Phoenix na Shanghai ta ƙasar Sin. A yawancinsu farantin a manne ya ke da hannun feda tun daga ma'aikata, babu noti ko ɗaya da ke raba su. Wanda ya tsaya neman sifanarsa ya ɓata yininsa a banza. Abin da za ka cire shi ne hannun duka, shi kuwa wata 'yar ƙusa ce ta ratsa kansa ta riƙe shi, masu gyara suna ce mata kota. Gefenta ɗaya a fiƙe ya ke, ta matse kamar yadda ruwan fartanya ke matsewa cikin ƙotarsa.

Ka sayi sabuwar kota tun ba ka fara ba, domin tsohuwa ba ta cika fita da lafiya ba. Ta kekunan Ingila kaurinta milimita 9.5 ne, ta kekunan Faransa kuwa 9, saboda haka ka kai keken wurin mai sayarwa ya gwada. Ka ɗiga kananzir, ka bari ya kwana. Da safe ka kwance notin, ka sami guntun bututun ƙarfe ka kafa shi a ƙasa, kan hannun fedar ya zauna bisa bakinsa, kotar ta sami inda za ta faɗa. Wannan tokari shi ne rabin aikin. Kadan babu shi, dukan ba ya tsayawa a kota, ya kan wuce ciki ya lotsa boris, bayan kwana kaɗan ka ji keke yana gurnani. Sa'an nan ka buga da ƙarfi sau ɗaya ko biyu. Masu tausayin keke su kan yi ta ƙwanƙwasa a hankali, su ne kuwa su ke lanƙwasa kan kotar har ta ƙi fita sai da injin huda ƙarfe.

Wajen mayarwa, da guduma za ka shigar da ita, noti tsaro kawai ya ke yi, in ka ce da shi za ka jawo ta sai zarensa ya tsinke. Kotar dama da ta hagu kuma su fuskanci wuri dabam dabam, in ba haka ba fedodin ba za su miƙe layi ɗaya ba. Bayan tafiyar kwana biyu ko uku ka ƙara bugu ɗaya, ka ƙara ɗaure notin.

A nan akwai abin da ya kan ruɗa ko da gwanaye. A 1841 wani Bature, Joseph Whitworth, ya tsara ma'aunin notuna na Ingila bisa inci, tsofaffin kekunan can kuwa kawunan notunansu da yawa wannan ma'auni su ka bi. Sifanun da ke kasuwa yau galibi na milimita ne. Akwai notin Ingila da faɗin kansa milimita 11.3 ne: lamba 11 ba ta shiga, lamba 12 kuwa tana girgiɗi. Wanda ya matsa da 12 ya gugge kusurwoyin, noti ya zama kamar ƙwallon goruba. Gara ka yi aiki da sifana mai buɗe baki, ka matse ta sarai kafin ka juya, filaya kuwa ka bar ta a akwati.

Iri na biyu shi ne na kekunan gwanjo masu giya. Nasu faranti da ƙusoshi huɗu ko biyar a ka ɗaure shi, kowace da rami mai kusurwa shida a kanta. Mabuɗinta alanki ne mai milimita 5. Ka share laka daga ramin da tsinke tukuna, alankin ya shige har ƙasa, gama rabin shiga shi ke cinye rami. Waɗansu ramin nasu kamar tauraro ne, su kuwa alanki ba nasu ba ne, ko da ya yi kamar ya kama.

Sau da yawa za ka ga ƙusa tana juyawa, amma ba ta kwancewa. Ba lalacewa ta yi ba. Leƙa bayan farantin, za ka ga noti mai faɗi da 'yar tsaga a bakinsa, yana bin ƙusar suna zagawa tare. Akwai ƙarfe na musamman mai 'yan haƙora biyu da ke shiga tsagar ya riƙe shi. In ba ka same shi a Sabon Gari ba, ba sai ka yi nisa ba: kai wa maƙeri sukudireba mai faɗin baki, ya goge tsakiyar bakin da zarto ya bar haƙori a kowane gefe. A ganina wannan ya fi na sayarwa daɗin riƙo, don yana da marfi mai cika hannu. Ka bar sarƙa bisa babban farantin sa'ad da ka ke kwancewa, ta rufe haƙoran, domin in alanki ya zame hannunka ya sami sarƙa maimakon tsini.

Iri na uku ya yi kama da na biyu, amma kawunan a shafe su ke, babu rami babu tsaga, an dakan su ne tun can. Wannan ba a kwance shi, sai a sake hannun da farantin gaba ɗaya.

Kadan za ka sayo sabon faranti, ka tafi da tsohon a hannu. Ramukan ba tazara ɗaya gare su ba, ko da yawansu ya zo daidai, sai ka ɗora sabo bisa tsoho ka ga haske ta kowane rami, sa'an nan ka ƙidaya haƙora.

Ku kuma dagatai da masu unguwanni, ba kowane talaka ke iya sayen waɗannan kaya domin aikin da ba ya tasowa sai shekara shekara ba. Ya kyautu a yi karo-karo a ajiye alanki jeri ɗaya, da sifana mai buɗe baki, da guntun bututu, da sukudireban nan na maƙeri a zauren mai gari, a ɗora wa mutum ɗaya amanarsu, mai aro ya mayar kafin magariba. Lokacin yin wannan kuwa shi ne kafin kaka, tun ba a fara ɗora wa kekuna buhunan masara ba.