Almakashi da aska: darasi kan kayan aski

Jama'a masu karatu, darasinmu na yau kan aski ne. Ranar kasuwa wanzami yana shimhiɗa tabarma gindin icce, ya buɗe zabira, ya hito da aska da dutsen washi. A birane kamar Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai kuma akwai shagunan aski masu kujera da madubi da injin aski na lantarki. Samarinmu da yawa da ke tahiya cin rani suna koyo sana'ar, su dawo gida da kayanta. Ya kamata mu san kayan nan, tunda bisa kanmu da na ɗiyanmu suke aiki.

Mu hwara da almakashi. Almakashin aski daban yake da na tela. Ba shi da nauyi, bakinsa siriri ne, tsawonsa santimeta 14 zuwa 18. Ana ƙera shi da ƙarhe mai tauri wanda ba ya saurin tsatsa. A jikin zobe ɗaya akwai ɗan ƙugiya inda ƙaramin yatsa ke hutawa, don kada hannu ya gaji. Akwai wani iri mai haƙora kamar mashaci, wanda ke rage yawan gashi ba tare da ya datse shi duka ba. Masu tsada suna hitowa daga garin Solingen na ƙasar Jamus da garin Seki na ƙasar Japan. Masu araha, waɗanda suka hi yawa kasuwanninmu, daga Sin da Pakistan suke. Da yake gashinmu a naɗe yake, injin ne ke yin yawancin aikin. Almakashi shi ke daidaita suma, ya gyara gemu da gashin baki.

Almakashin aski na gashi ne kaɗai. In aka yanka ƙyalle, takarda ko igiya da shi, kaihinsa ya tahi. Sai ya riƙa tauna gashi yana hizga, yaro na kuka ana cewa tsoro ne. In ya hwaɗi ƙasa, bakinsa na iya kaucewa. A tsakiyarsa akwai ƙusa mai juyawa. In ta saki, gashi zai riƙa lanƙwashewa tsakanin baki biyu. In ta matse da yawa, ƙarhe zai ci ƙarhe. Ga yadda ake gwadawa: a riƙe shi bakinsa na duban sama, a ɗaga zobe ɗaya, a saki. In ya ruhe gaba ɗaya, ƙusar ta saki. In ya tsaya kahin ya ruhe, daidai ne. Bayan aiki a goge shi, a ɗiga man keken ɗinki wajen ƙusar, a sa shi cikin gidansa. Ƙurar hunturu ba ta barin kaihi.

Yanzu ga babbar magana. Kayan aski suna ɗaukar cuta daga kai zuwa kai. Makero, mai cinye gashin yara, yana bin mashaci da haƙoran inji. Ciwon hanta mai suna hepatit B yana bin jini, ko da ɗigon da ido ba ya gani. Ƙwayarsa na iya kwana 7 da rai bisa busasshiyar aska. Mutum na iya ɗauke da ita shekaru bai sani ba, sai hanta ta lalace. Sida ma ta jini take bi. Aska da inji sukan ƙwarzani hwata ko da ba a ji zahi ba.

Shahwa aska bisa hwatar washi ko tahin hannu yana gyara kaihi, amma ba ya kashe cuta. Kananzir ma ba abin dogara ba ne. Gasa almakashi a wuta kuwa ɓata ƙarhen yake yi. A hwara wanke kaya da sabulu, a hidda gashin da ya maƙale. Sannan a tahasa su minti 20, ko a jiƙa su minti 10 cikin ruwan jabel, a ɗauraye, a busar nan take don kada su yi tsatsa. Ma'aikacin gidan likita zai gwada muku yadda ake sirka jabel. Haƙoran inji kuma a share su da buroshi, a wanke su da alkol.

Reza ɗaya, mutum ɗaya. A buɗe ta gabanka. Ranar askin suna, uban jariri ya sayi sabuwa, ko ya ga an tahasa aska da idonsa. Wannan ba raini ba ne ga wanzami, kuma sarkin aska na iya taimakawa a gaya wa ƴan sana'a. Tsohuwar reza a jehwa ta cikin salanga, kada yara su tsinta.

Malam, gobe a kawo almakashi wurin karatu, kowa ya gwada ƙusar da hannunsa. A gayyato wanzamin gari ya zo da zabirarsa.