Darasi Daga Sikotilan: Majami'ar da Aka Ɗebe wa Rufi

Darasinmu na wannan fitowa zai kai mu Sikotilan, ƙasar da ke arewa da Ingila, inda aka haifi Mary Slessor wadda ta yi aikin bishara a Kalaba. Kafin a fara, a karanta Haggai 1:2-9 da Farawa sura 23.

A garin Elgin akwai wata babbar majami'a ta dutse da aka kafa a 1224. A 1390 wani ɗan sarki da ya samu saɓani da bishop ya sa mata wuta, amma aka sāke gina ta. Wuta ba ta ga bayanta ba. Bayan gyaran ikkilisiya na 1560 aka daina sujada a cikinta, sai wajen 1568 hukuma ta ba da umarni a ɓare darmar da aka rufe ta da ita, a sayar, a biya sojoji. Daga nan ruwan sama ya samu hanya. Katako ya ruɓe, bango ya jiƙe. A 1637 iska ta kwashe wani sashe na rufin, kuma ranar Ista ta 1711 babbar hasumiyar tsakiya ta faɗi. Mutanen gari suka riƙa ɗiban duwatsun suna gina gidajensu. Sai a 1824 aka ɗauki wani mai gyaran takalma, John Shanks, ya zama mai gadin wurin. Shi ne ya kwashe tulin ƙasa da shara da baro, har aka sāke ganin kaburbura da sassaƙen da suka binne. A nan aka binne shi ma.

A yawon da muke yi ƙauye ƙauye, mun sha ganin kwano ɗaya da iska ta ɗaga, ko gara a jikin katakon rufi, an bar shi damina biyu ko uku. In mun tambaya, sai a ce kuɗin baiko an ajiye shi domin janareta da lasifika. Ba mu ce lasifika laifi ba ne. Amma ƙusa ta 'yan nairori ce, bangon laka kuwa in ya sha ruwa, sai sabon gini.

Sai maganar makabarta. A birnin Edinbara akwai majami'ar Greyfriars. A can ne a 1638 mutane suka sa hannu a kan alkawari cewa sarki ba zai tilasta musu irin sujadar da za su yi ba. A 1679, bayan an ci su a yaƙi, aka tsare wajen mutum 1,200 a fili kusa da makabartar, ba rufi, abinci kaɗan. Waɗanda suka ƙi janyewa aka zuba su a jirgin ruwa za a kai su ƙetare, jirgin ya nitse kusa da tsibiran Orkney, wajen 200 suka mutu. Har yau dutsen tunawa da su yana nan, yara suna zuwa suna karantawa. Mu fa? Masu bi na fari a ƙauyukanmu, waɗanda aka kora daga gida saboda bangaskiya, yawancin kaburburansu tudun ƙasa ne kawai. Damina biyar ta isa ta shafe shi, garma ta bi ta kai. Ibrahim bai yarda a ba shi kogon Makfela kyauta ba. Ya auna shekel 400 na azurfa a gaban shaidu. Ikkilisiyoyi da yawa ba su da ko takardar mai gari a kan filin makabartarsu.

An fi sanin Sikotilan da algaita mai jakar fata, wadda ake busawa a biki da jana'iza. Amma abin da ya fi taɓa mu shi ne yadda ake raira Zabura da harshen Galik a tsibirin Luwis. Ba ganga, ba molo. Mutum ɗaya ya ba da layi, jama'a su amsa a hankali, kowa yana lanƙwasa muryarsa yadda ya ji a ransa. Asalinsa tun shekarun 1640 ne, lokacin da mutane da yawa ba su iya karatu ba, littattafai kuma ba su wadata ba. Duk wanda ya taɓa zama a zumuntar mata zai gane wannan: mai bayarwa da masu amshi. Yanzu abin yana raguwa. Ƙidayar 2022 ta nuna masu magana da Galik a waɗannan tsibirai ba su kai rabin jama'a ba, masu ba da layi kuma yawancinsu dattawa ne. Shi ya sa aka duƙufa ana ɗaukar muryoyinsu ana ajiyewa.

Ga aikin wannan wata. Kafin ruwan fari, dattawan ikkilisiya su sa matasa biyu su hau su duba rufi, su kawo rahoto ranar Lahadi. A zaga makabarta da tsoho mafi shekaru, magatakarda na biye da littafi yana rubuta wane ne a ina, a kuma kafa duwatsu ko a dasa itatuwa a kan iyaka. Waƙoƙin yare da mamanmu kaɗai suka riƙe, wayar hannu ta isa a ɗauka. A fara da wadda ta fi kowa tsufa.