Kowa da Allonsa: Yadda Ake Tallafa wa Ɗalibi Mai Buƙata ta Musamman



Duk wanda ya yi makarantar allo zai tuna yadda ake zama. Yara talatin ko arba'in ne a gaban malam ɗaya, amma kowa da allonsa, kowa da inda karatunsa ya tsaya. Wani yana babbaƙu, wani yana farfaru, wani ya yi nisa cikin izu. Malam ba ya cewa kowa ya wanke allo don mutum uku sun iya. Sai ya saurari kowa, ya biya masa nasa. In kuma akwai makaho a cikinsu, biya masa ake yi yana ji yana maimaitawa har ya haddace, shi ya sa mahaddata makafi ba baƙi ba ne a ƙasar Hausa.

A makarantar boko allo ɗaya ne a jikin bango, littafi iri ɗaya, jarrabawa iri ɗaya, kuma da an kaɗa ƙararrawa malam ya fita. Wannan tsari yana ɗaukar mutane da yawa, amma akwai waɗanda yake bari a baya ba don ba su da ƙwaƙwalwa ba. Su ne ake kira masu buƙata ta musamman: masu lalurar gani, masu lalurar ji, masu tafiya da sanda ko keken guragu, masu i'ina, masu farfaɗiya, masu sikila da ciwo ke yawan hana su zuwa, da waɗanda haruffa ke rikice musu duk da suna fahimtar abin da aka faɗa musu da baki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan mutum ɗaya cikin shida a duniya yana rayuwa da wata nakasa. Ke nan da wuya a sami makaranta mai girman tamu da babu su a cikinta, ko an san da su ko ba a sani ba.

Kuma sau da yawa ba a sani ba ɗin ne. Ku duba yadda muke magana: in aka ce yaro “ba ya ji”, abin da ke fara zuwa ran mutum shi ne taurin kai. To yaron da kunnensa ne da gaske ba ya ɗauko magana daga bayan aji fa? An ce a buɗe shafi na ashirin bai buɗe ba, an kira sunansa bai amsa ba. Kafin wani ya yi tunanin a duba kunnensa, ya sha bulala ya gaji, an kuma laƙaba masa daƙiƙi.

A Amurka, a shekarar 1975, an kafa dokar da ta wajabta wa makarantun gwamnati su karɓi yara masu nakasa, kuma su rubuta wa kowane ɗaya shirin karatu nasa na kansa. A 1990 aka sabunta dokar aka canza mata suna, amma wannan shiri, wanda suke taƙaita sunansa da IEP, yana nan har yau. A 1994 wakilan gwamnatoci 92 suka taru a birnin Salamanka na ƙasar Sifen tare da hukumar UNESCO, suka amince cewa makarantar unguwa ce ya kamata ta gyara kanta ta karɓi kowane yaro. A nan Nijeriya kuma, a watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa masu nakasa bambanci. Dokar ta ba su ilimi kyauta har zuwa ƙarshen sakandare, ta kuma ce kowace makarantar gwamnati ta kasance da aƙalla ma'aikaci ɗaya da aka horar don kula da karatunsu. Tsakanin abin da ke takarda da abin da ke ƙasa akwai tafiya, wannan kowa ya sani. Amma yana da kyau mu san cewa haƙƙi ne, ba alfarma ba.

To mene ne wannan shiri? Takarda ce da ake zama a rubuta game da ɗalibi guda. Masu zaman su ne iyayensa, malamin ajinsa, malamin da ya karanci ilimin masu buƙata ta musamman, wakilin hukumar makaranta, da shi ɗalibin in ya isa magana a kan kansa. Ana rubuta inda karatunsa yake yanzu, inda ake so ya kai, taimakon da za a ba shi, wanda zai bayar da shi, da ranar da za a sake zama a duba. A dokar Amurka aƙalla sau ɗaya a shekara ake dubawa. Mu da muke da zango uku, babu abin da zai hana mu duba a ƙarshen kowane zango.

Bari mu ɗauki misali. A ce akwai yarinya zabiya a aji biyu na ƙaramar sakandare. Yawancin zabiya ganinsu yana da rauni, kuma haske mai ƙarfi yana damun idonsu. Littafinta cike yake da giɓi, domin kafin ta gama ƙifta ido ta gano layi ɗaya an goge allo. In aka rubuta mata “a riƙa taimaka mata”, ba a rubuta komai ba. Abin da zai yi aiki shi ne a ce: za ta zauna a layin gaba, nesa da taga, malamai za su riƙa faɗin abin da suke rubutawa da baki, za a buga mata takardar jarrabawa da manyan haruffa, an yarda ta tashi ta matsa kusa da allo ba sai ta nemi izini ba, lokacin taron safe da wasanni za ta tsaya a inuwa, ta sa tufafi masu dogon hannu, saboda rana na ƙona fatarta. Sannan a sa buri wanda za a iya aunawa, kamar a ce kafin ƙarshen zango littafinta na lissafi ya zama babu darasin da ya ɓace. Ranar dubawa sai a ɗauko littafin a gani.

Yanzu ku kawo yaron nan mai nauyin kunne. Shi ma layin gaba za a ce ya zauna, sai mutum ya ɗauka maganinsu ɗaya ne da yarinyar. A'a. Ita tana buƙatar malam ya faɗi abin da ya rubuta, shi kuwa yana buƙatar malam ya rubuta abin da ya faɗa. Yana karanta leɓen mai magana, don haka in malam ya juya baya yana rubutu yana bayani, darasin ya wuce shi. Ita tana gudun haske, shi yana son haske ya sauka a fuskar malam. Ɗaga murya da ihu ba ya ƙara masa komai, sai ma ya ɓata siffar baki. Kujera ɗaya, buƙata biyu masu karo da juna. Dalilin da ya sa ba a rubuta takarda ɗaya a ce ta “nakasassun makaranta” ce ke nan.

Wanda ba ya gani sam kuma nasa daban ne. Yana buƙatar rubutun Braille, wanda Bafaranshe Louis Braille ya ƙirƙiro a 1824 yana ɗan shekara goma sha biyar. Ɗigo shida ne masu tudu da ake shafawa da yatsa, ana jujjuya su su ba da alamomi 63. Tun 1953 aka buɗe makarantar makafi a Gindiri ta jihar Filato, a Kano ma akwai makarantar Tudun Maliki. Irin waɗannan wurare, da sassan koyar da ilimin masu buƙata ta musamman na Jami'ar Bayero da Jami'ar Jos, su ne inda makaranta za ta nemi shawarar masana.

Akwai masu gunaguni in an ƙara wa wani lokaci a jarrabawa, su ce son kai ne. A ganina ba su duba da kyau ba. Tambayar ba a rage mata wuya ba, amsar ma ba a faɗa masa ba. Karatu da yatsa ko da gilashin ƙara girman rubutu ya fi cin lokaci, shi ke nan. Hukumar JAMB kanta tun 2017 ta kafa kwamiti na musamman da ke shirya wa makafi jarrabawar shiga jami'a ta hanyar da ta dace da su.

Wasu abubuwan suna buƙatar kuɗi: na'urar ji, tabarau, injin Braille, da gangarar siminti a bakin aji. Ita gangarar ma da ƙa'idarta, duk tsayin santimita ɗaya ana ba shi tsawon santimita goma sha biyu, wato dakali mai santimita 15 yana son gangara mai santimita 180. In ta fi haka tsayuwa, mai keke ba zai hau shi kaɗai ba. Amma canza wurin zama, mayar da aji daga bene zuwa ƙasa, ko ba mai i'ina damar gama maganarsa ba tare da an ƙarasa masa ba, ba sa cin ko sisi.

Abu biyu za a kiyaye. Malami yana lura ya ba da rahoto, amma gano ciwo aikin likita ne, kada a zauna a ofis a yanke wa yaro lalurar da ba shi da ita. Na biyu, takardar sirri ce. Ba a karanta ta a taron safe, ba a liƙa ta a wannan allon.

Mu ɗalibai namu ba shi da yawa. Kada ka tura keken mutum sai ka tambaye shi. In za ka raka makaho, bar shi ya riƙe gwiwar hannunka, kada ka ja shi ko ka kama sandarsa. In farfaɗiya ta kama wani, a kawar da benci daga kusa da shi, a tallafi kansa da abu mai laushi, in jijjigar ta lafa a kwantar da shi ta gefe. Kada a cusa masa cokali a baki, kada a ɗura masa ruwa. Ba a ɗaukar farfaɗiya ta yawu ko ta taɓawa. In ta wuce minti biyar ba ta tsaya ba, sai asibiti.

Ga ɗan aikin wannan makon. Ka tsaya a bayan ajinku, ka rufe ido ɗaya da tafin hannu ka karanta abin da ke allo, sannan ka rufe ɗayan. In ka ga wanda ke kusa da kai yana karantawa kai kuwa hazo kake gani, ka sami malamin ajinku ka gaya masa kafin ranar Juma'a.