DARASI: Jinjirin da Ya Fito da Rai, da Hakkinsa a Kanmu



Darasinmu na wannan wata ya shafi maganar da ba a yi a dandali, sai a ɗaka da murya ƙasa-ƙasa. Yakan faru yarinya ta yi cikin da ba na aure ba, ta ɓoye shi wata shida ko bakwai don tsoron iyaye da bakin duniya. Sa'ad da cikin ya ƙi ɓoyuwa, sai a nemo maganin zubarwa a kemis, ko wurin mai saiwoyi, ko wurin likitan bogi. Naƙuda ta taso, ɗan da aka sa ran zai fito a mace ya fito yana motsi, wani lokaci har da ɗan kuka. A cikin ɗakin akwai uwar yarinyar, ko gwaggonta, ko ungozoma. Me ya wajaba a kansu?

Tambayar tamu ce. A Kurmin Kogi da sauran ƙauyukan Ikara, Makarfi da Kudan, mata da yawa a gida suke haihuwa, hannun da ke fara taɓa jariri kuwa sau da dama hannun ɗaya daga cikinmu ne. Zubar da ciki ma ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Binciken Cibiyar Guttmacher ya ƙiyasta cewa an zubar da ciki kimanin miliyan 1.25 a Nijeriya a shekarar 2012 kaɗai. Akasari a watannin farko ake yi. Amma idan cikin ya tsufa, ɗan yana iya fitowa da rai.

1. Shaidar Littafi Mai Tsarki

A Littafin Fitowa, sura 1, Fir'auna ya umarci ungozomomin Ibraniyawa, Shifra da Fu'a, su kashe kowane ɗa namiji a wurin haihuwa. Matan nan biyu ba su da sarauta, ba su da makami, amma tsoron Allah ya fi musu tsoron sarki. Suka bar 'ya'yan da rai, Allah kuma ya sāka musu da alheri.

A Ezekiyel, sura 16, Ubangiji ya kwatanta Urushalima da jaririyar da aka yar a fili ran da aka haife ta, ba a yanke mata cibiya ba, ba a wanke ta ba, ba wanda ya ji tausayinta. Shi ne ya bi ta wurin, ya gan ta cikin jininta, ya umarta ta rayu. Da Allah ya so ya bayyana ƙaunarsa ga jama'arsa, misalin jaririyar da ba wanda yake so ya ɗauko.

2. Koyarwar Ekklesiya

Babban Taron Vatikan na Biyu, a takardarsa Gaudium et Spes ta 1965, ya haɗa zubar da ciki da kisan jarirai wuri ɗaya, ya lissafa su cikin mafi munin laifuffuka. Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya ƙarfafa wannan koyarwa a wasiƙarsa Evangelium Vitae, wato Bisharar Rai, ta ranar 25 ga Maris 1995.

Littafin Dokokin Ekklesiya na 1983 ya taɓa batunmu kai tsaye. Doka ta 871 ta umarta a yi wa ɗan da ya fito ta hanyar ɓari ko zubar da ciki baftisma muddin yana da rai, iyakar yadda zai yiwu. Ekklesiya ba ta yi wa gudan jini baftisma, mutum take yi wa. Wannan doka kaɗai ta isa ta nuna mana matsayin wannan jinjiri: ɗan'uwanmu ne.

A lura, ɓari dabam, zubar da ciki dabam. Macen da ta yi ɓari ba ta da laifi, ta'aziyya ta cancanta.

3. Dokar ƙasa

Waɗansu suna zaton tun da an riga an yi niyyar zubar da cikin, ɗan da ya fito ba shi da lissafi a gaban hukuma. Wannan kuskure ne babba.

Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999, sashe na 33, ya ba kowane mutum 'yancin rayuwa. To, daga yaushe doka take kiran jariri mutum? Dokar hukunta laifuffuka ta Arewa, wadda aka fi sani da Final Kod, da aka zartar a 1959 ta fara aiki a 1960, ta amsa a sashe na 5: da zarar an haifi ɗa da rai ya zama mutum, ko ya ja numfashi ko bai ja ba, ko an yanke cibiya ko ba a yanke ba. Dokar Kudu, Kiriminal Kod, ta faɗi kusan haka a sashe na 307. Ba a tambayi watannin cikin ba, ba a tambayi ko na aure ne ba, ba a tambayi abin da ya ta da naƙudar ba.

Final Kod ɗin nan ta 1959 ta sa ɗaurin da zai iya kai shekara 14 a kan zubar da ciki, sai in don ceton ran uwar aka yi (sashe na 232). Ta hukunta duk abin da aka aikata kafin haihuwa da nufin ɗan ya mutu bayan ya fito (sashe na 235), da yar da yaro (sashe na 237), da ɓoye haihuwa ta wurin kawar da gawar jariri a asirce (sashe na 239). Jihar Kaduna ta kafa sabuwar Final Kod tata a 2017, ta kuma kafa dokar kare lafiya da hakkin yara a 2018. A ƙarƙashin kowace doka ta ƙasar nan, wanda ya hallaka jariri mai rai da gangan ya yi kisan kai.

Akwai kuma Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014. Sashe na 20 ya hana asibiti ko ma'aikacin lafiya ƙin ba mutum taimakon gaggawa saboda kowane irin dalili. Hukuncin shi ne tarar naira 100,000, ko ɗaurin da bai wuce wata 6 ba, ko duka biyu. Jinjirin da ake magana a kai mutum ne, saboda haka wannan sashe ya rufe shi, ya rufe uwarsa.

4. Yadda abin yake a Amurka

A Amurka wannan batu ya kai har majalisa. A watan Agusta 2002 Shugaba George W. Bush ya sa hannu a dokar da ta tabbatar cewa jaririn da ya fito da rai, ko da ta hanyar zubar da ciki ne, mutum ne a gaban dokar tarayya. A 2013 kotu a birnin Filadelfiya ta ɗaure wani likita, Kermit Gosnell, rai da rai saboda kashe jarirai 3 da suka fito da ransu. A Janairu 2025 Majalisar Wakilai ta amince da ƙudurin da zai hukunta likitan da ya ƙi kula da irin wannan jariri, amma a Majalisar Dattawa bai sami isassun ƙuri'u ba. Masu adawa da shi sun ce dokar kisan kai ta riga ta wadatar. Mu a nan ba dokar muka rasa ba. Rashin saninta da tsoron abin kunya su ne ke kashe mana jarirai.

5. Abin yi a sa'a ta farko

A asibitocin Nijeriya akan ɗauki mako 28, wato wajen wata bakwai, a matsayin lokacin da jariri ke da kyakkyawar damar rayuwa. Kakanninmu sun san haka, shi ya sa suka raɗa masa suna bakwaini. Manyan abokan gābansa su ne sanyi, da wahalar numfashi, da ƙwayoyin cuta.

Na ɗaya, a tsane jikinsa da tsabtataccen zane, a ajiye jiƙaƙƙen a ɗauko busasshe. A share bakinsa da hancinsa. In bai yi kuka ba a shafa bayansa.

Na biyu, kada a yi masa wanka. A ɗora shi a ƙirjin uwarsa, fata da fata, a sa masa hula, a lulluɓe su tare. In uwar ba ta da ƙarfi, ƙirjin kaka ko na uba ya isa. An fara wannan dabara a birnin Bogota na ƙasar Kwalambiya a 1978 saboda ƙarancin kwalbar bakwaini, a 2022 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a fara ta nan da nan bayan haihuwa.

Na uku, a ɗaure cibiya da zare mai tsabta, a yanke da sabuwar reza. Ban da toka, ban da man goge baki.

Na huɗu, ban da ruwa, ban da zuma. Nonon uwa kaɗai, in ba ya iya kamawa a tatsa a ba shi kaɗan-kaɗan.

Na biyar, a tafi asibiti ba tare da jiran gari ya waye ba, jaririn yana manne a ƙirji. Akwai babban asibiti a Ikara da Makarfi. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, Zariya, yana da sashen kula da jarirai. A faɗa wa ma'aikatan gaskiyar abin da aka sha, gama da ita za su san maganin da za su yi.

Na shida, in ɗan gidan Kirista ne kuma ana gudun zai cika, kowa yana iya yi masa baftisma. A zuba ɗan ruwa mai tsabta a kansa sau uku, ana furta kalmomin baftisma cikin sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Daga baya a sanar da Fada ko katikis.

Wani jaririn ya yi ƙanƙanta ƙwarai, ba dabarar da za ta raya shi. Ekklesiya ba ta ɗora mana abin da ya fi ƙarfinmu ba. Amma ko minti goma ya rage masa, ya yi su a naɗe cikin zane, a hannun mutum, ba a cikin bokiti ko masai ba. In ya cika, a binne shi kamar kowane ɗan Adam.

6. Uwar fa?

Marasa lafiya biyu ne a ɗakin. Zubar jini da ruɓewar mahaifa suna kashe mace cikin ɗan lokaci. A kai ta asibiti tare da ɗanta, faɗa ya jira. Iyaye, mu tambayi kanmu: wane ne ya sa yarinyar ta ga shan magani ya fi mata sauƙi da ta faɗa mana gaskiya? Ina kuma namijin da ya yi cikin? Abin kunya yakan wuce da kwanaki, amma rai in ya fita ba ya dawowa.

Ga wadda ta riga ta faɗi, ƙofar tuba a buɗe take. A Nuwamba 2016 Paparoma Francis ya ba kowane firist ikon gafarta zunubin zubar da ciki a Sakramentin Tuba. Zumuntar Mata Katolika da shugabannin majami'u su zama na farko wajen riƙe irin wannan uwa da ɗanta.

Tambayoyi don tattaunawa

1. In wannan abu ya faru da dare a ƙauyenmu, wa ke da babur ko motar da za a kira?
2. Ungozomominmu sun san matakan nan shida?
3. Wane gida a majami'armu zai karɓi jaririn da danginsa suka ƙi?

Addu'a

Ya Allah Uba, mai ba da numfashi ga kowane mai rai, ka ba mu zuciya irin ta Shifra da Fu'a, domin mu ji tsoronka fiye da bakin mutane. Ka kiyaye jarirai, ka warkar da iyayensu mata, ka ƙarfafa hannun masu jinya. Ta wurin Kristi Ubangijinmu. Amin.